An ce ciwona zai sa ɗan da ke cikina ya yi daji

Maman Walid:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi hankuri da tsawon rubutu, kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. A Mabera nike. Shekara 3 da sunka wuce likitoci sunka ce ina da lufus, ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da ya kamata ta tsare. Kafin a gano shi na sha wuya. Gaɓɓai na ciwo, gashi na zuba, duk ranar da na shiga rana wani tabo ya fito mani a kumatu da karan hanci, ga ɓari biyu a jere bayan Walid. Anka ce sikila ce, anka gwada ba ita ba. Anka ce jifa ne. Tun da anka ɗora ni bisa magani na samu sauƙi, yanzu ma ina da ciki wata huɗu.

Makon jiya ƙanwar maigidana ta turo wani saƙo cikin zauren WhatsApp na dangi, wai bincike ya nuna matan da ke da irin ciwona ɗiyansu na kamuwa da daji. Ba ta kira sunana ba, amma kowa ya san da wa ake. Surukata ta kira ni ta ce ƙwayoyin asibitin nan su ke jawo shi, in bari. Tun ranar ban ƙara sha ba. Yanzu ko Walid ya ce kansa na ciwo sai gabana ya faɗi. Don Allah masu ilimi ku gaya mani gaskiya ko ba daɗi.

Sista Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Maman Walid, kafin a shiga maganar bincike, waɗanne magunguna kika bari? Rubuto sunayensu yanzu don Allah.

Maman Walid:
Haidroksikulorokwin, da firednisolon ƙarami, da ƙaramin asfirin. Firednisolon ɗin na kai shekara 2 ina sha.

Sista Runjin Sambo:
To 'yar'uwa, gobe da safe ki koma wurin likitanki, ba sai ranar awonki ta zagayo ba. In kuma cikin daren nan kika ji jiri, ko amai, ko kasala mai tsanani, kada ki jira wayewar gari, a kai ki sashen gaggawa. Firednisolon ba a yanke shi kwatsam bayan an daɗe ana sha. Jiki yana da sinadarinsa mai irin wannan aiki, idan ya saba da na ƙwaya sai ya rage yin nasa, in aka janye lokaci guda a bar shi ba na waje ba na ciki. A hankali ake rage shi, kuma likita ne ke tsarawa. Wannan shi ne abin da ya tayar mani da hankali a rubutunki, ba saƙon WhatsApp ba.

Inna ta Kanwuri:
Subhanallahi. Ɗiyata, ki ji maganar Sista. Ita ko wagga yarinya da ta tura saƙo, mi ta ka nuhi? Ko da gaskiya ta, ba haka a ka hwaɗa ma mai ciki ba, gaban dangi duka. Allah shi sauke ki lahiya.

Ummu Hanifa:
Amin. Ina biye da ku.

Likitan Yara:
Salamu alaikum. Abin da Sista ta faɗa shi ne na farko, ban da abin ƙarawa a kai. Bari in ɗauki tambayar kanta, don kin ce a gaya miki gaskiya.

Binciken akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Ɗaya daga cikin irinsa daga Denmak ya fito. Dalilin da ya sa can ne, suna da rajistar masu ciwon daji ta ƙasa baki ɗaya tun 1943, kuma tun 1968 kowane ɗan ƙasa yana da lambarsa, don haka ana iya haɗa takardun asibitin uwa da na ɗanta ko bayan shekaru masu yawa. Sai masu bincike suka ɗauko yaran da suka yi daji, suka ɗauko waɗanda ba su yi ba, suka duba iyayensu mata. Suka ga a cikin iyayen yaran da suka kamu, masu cututtukan garkuwar jiki sun ɗan fi yawa, musamman a sankarar jini da dajin kaluluwa.

Amma ki lura da abin da aka tara a kwando ɗaya. Cututtukan nan sun haura 80: lufus, amosanin gaɓɓai, ciwon suga irin na yara wanda sai da insulin, wasu cututtukan maƙoƙo, wasu na fata, wasu na hanji. Ba halinsu ɗaya ba, ba maganinsu ɗaya ba. Idan aka rarraba su ɗaya-ɗaya, yaran da ke kowane rukuni kan zama 'yan kaɗan ƙwarai, shi ya sa wani bincike zai ga ƙari a cuta kaza, wani ya duba bai gani ba. Kuma irin wannan bincike tarayya kawai yake nunawa, wato an ga abu biyu tare fiye da yadda aka zata. Bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Masana na tattauna hanyoyi da dama. Ta yiwu gado ne guda da ya shafi garkuwar jiki, ya fito wa uwa ta wata fuska, ɗa ta wata. Ta yiwu kumburin da ciwon ke sawa a jikin uwa ne ke taɓa ɗan tayi ta mabiyiya. A masu suga, an san jariransu kan zo da girma, kuma an daɗe da lura jarirai masu nauyi sosai sun ɗan fi haɗarin sankarar jini. Har yau ba a tsayar da ɗaya an ce shi ne ba.

Babu wata ƙungiyar likitoci da ta ce mai lufus ta bar haihuwa saboda wannan, ko ta bar maganinta, ko a riƙa yi wa ɗanta gwajin daji.

Baban Amira:
Dakta, ba ni dama in shigo da allo, ni lissafi nake koyarwa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kalmar "ƙari". A ƙasashen Turai, yaro kamar 1 cikin 500 ne ke kamuwa da daji kafin ya kai shekara 15. Wato 2 cikin 1000. To mu ƙaddara, misali kawai nake bayarwa, wani abu ya ƙara haɗarin da rabi ɗungurungum. Rabin 2 shi ne 1. Ya zama 3 cikin 1000. Sauran 997 lafiyarsu lau. Mai rubuta saƙo zai sa "ƙarin kashi 50" da manyan haruffa, kuma bai yi ƙarya ba, amma uwar da ta karanta za ta ɗauka rabin 'ya'yanta ake nufi. Maman Walid, ko da an karɓi binciken yadda yake, lissafi yana gefenki nesa ba kusa ba.

Maman Walid:
Wallahi Malam haka na ɗauka. Na zaci ko dai Walid ko wanga na ciki, ɗaya sai ya kamu.

Ɗan Wurno:
Ni fa ina da ja. Kowa ya hau kan surukar nan kamar ta faɗi abin da ba shi da tushe. Gwaggona tana da amosanin gaɓɓai, an ba ta wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, ni na karanta mata takardar ciki. An rubuta ɓaro-ɓaro kada mai ciki ta sha, kuma an ce maganin daji ne ma. To in haka ne, mi ya sa tsohuwa ba za ta ji tsoro ba? Ku likitoci kun cika son a ce komi naku daidai ne.

Mai Kemis Gawon Nama:
Ɗan Wurno, abin da ka karanta gaskiya ne. Metotireksat ke nan. Ana ba masu amosanin gaɓɓai kaɗan-kaɗan mako-mako, ana kuma amfani da shi da yawa wajen maganin sankarar jini. Haramun ne ga mai ciki, kuma ana son a daina shi tun kafin a ɗauki cikin. Akwai wani ma, maikofenolet, da ake ba masu lufus ɗin da ya taɓa ƙoda, shi ma haka. Sai dai illarsu ɓari ce da nakasar halitta, ba wai daji suke sa wa yaro ba. Kuma ba su ne a hannun Maman Walid ba. Haidroksikulorokwin ɗan'uwan kulorokwin ne da muka sha muna yara don zazzaɓin cizon sauro. An daɗe ana ba masu ciki, kuma likitocin wannan fanni cewa suke a ci gaba da shi har a haihu har a shayar, domin waɗanda suka bari su ne ciwon ya fi tasar wa. Ƙaramin asfirin kuma don kare ta daga hawan jinin masu ciki ne, wanda ke kai wa ga jijjiga.

Tsoron tsohuwa na da dalili, amma ta yi wa duka ƙwayoyi kuɗin goro. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Abin da ya fi damuna a shago shi ne akasin haka. Mata na zuwa neman "sha ka fashe" don su yi ƙiba, alhali dangin firednisolon ne a cikin wasu, ba likita ba awo, wasu da ciki. Wannan ba wanda ke tura saƙo a kansa.

Ɗan Wurno:
Na karɓi wannan. Amma da ana yi wa mutane bayani haka tun a asibiti, da ba a kai nan ba. Layi ya yi tsawo, minti biyu an sallame ka.

Likitan Yara:
Ban musa ba. Yakan faru, kuma gyara namu ne.

Ummu Hanifa:
Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ni ina da ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa zuciya bugawa da rama da fitowar ido, an ce shi ma garkuwar jiki ce. Ina shan magani lokacin da nake da cikin Hanifa. Tana shekara 4 ta fara zazzaɓi ba ya jin magani, ta ɗashe, dasashinta na jini, ƙafafu na ciwo har ta daina tafiya. Wata biyu muna maganin maleriya da taifot. Da aka ɗebi ɓargo aka ce sankarar jini ce. Ba ta cika shekara 5 ba. Yau shekara 6 ke nan.

Na yi tawakkali, Allah ya sani. Amma tun da na karanta rubutun farko jikina ke rawa. Dakta, don girman Allah kada ka lallashe ni. Daga jikina ta ɗauka?

Inna ta Kanwuri:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi sa mai ceto ta, ɗiyata.

Sista Runjin Sambo:
Allah ya jiƙan Hanifa, ya ba ki ladan haƙuri.

Likitan Yara:
Allah ya sa ta cece ku, Ummu Hanifa. Ba zan lallashe ki ba, abin da aka sani zan faɗa miki.

Ba ki ba ta daji ba. Sankarar jini ba a ɗaukarta daga uwa kamar yadda ake ɗaukar ciwon hanta, ba ta bin nono, ba ta bin cibiya. Akwai wani masani a Landan, Mel Greaves, da ya shafe shekaru yana bin asalin wannan ciwo a yara. Shi da abokan aikinsa sun koma kan ɗigon jinin da ake ɗiba a dugadugan jarirai a adana, da kuma tagwaye masu kama ɗaya, suka nuna cewa sau da yawa kuskuren farko a ƙwayar jini tun a ciki yake faruwa. Wannan ne ma ya sa masu bincike ke leƙa lafiyar uwa. Amma ga abin da ya fi muhimmanci: sun tarar jariri kamar 1 cikin 100 ana haihuwarsa da irin wannan kuskure, ko da iyayensu mata masu cikakkiyar lafiya ne, kuma a cikinsu kusan 99 cikin 100 ba sa taɓa yin ciwon. Kuskuren na aukuwa ne a lokacin da ƙwayoyin jini ke ta rabuwa da sauri, ba don uwa ta ci wani abu ko ta ƙi cin wani ba. Sai wani kuskure na biyu ya biyo baya bayan haihuwa kafin ciwo ya tashi.

Ni a ɗakin yara nake aiki. Iyayen yaran da nake gani da wannan ciwo, kusan dukansu ba su da wata cutar garkuwar jiki. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin 'yan kaɗan ne, kamar lalurar Dawun (wadda ake haihuwar yaro da ita, mai jinkirta girma da fahimta) da wasu cututtukan gado, da hasken radiyeshan mai ƙarfi. A mafi yawan yara, ba a samun dalilin da za a nuna da yatsa. Maganin da kika sha kuwa, da kin bar maƙoƙon nan ba magani da ciki, shi ne zai iya jawo ɓari ko bakwaini ko ya taɓa zuciyarki. Kin yi abin da ya kamata uwa ta yi.

Ummu Hanifa:
Na gode Dakta. Wata biyun nan da muka ɓata ma suna ci mani rai.

Likitan Yara:
Alamominta na farko iri ɗaya ne da na zazzaɓin da kowane gida ke gani, har ma'aikatan lafiya na shigewa. Ba ke kika kasa ganewa ba.

Malam na Ƙofar Marke:
Ummu Hanifa, Allah ya ƙara haƙuri. Ajali ba ya gaba ba ya baya. Ga dangin mijin Maman Walid kuma, da duk mai irin halin, a tuna da aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, inda Allah ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Maganar shayarwa ake yi a wurin, amma ladabin ya game. Kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Abin da nike son likita ya ƙara muna haske: mace mai irin wanga ciwo in azumi ya zo, ƙaƙa za ta yi da ƙwayoyinta? Ta fuskar shari'a dai mai ciki da maras lahiya suna da rangwame.

Likitan Yara:
Malam, ya danganta da ciwon. Mai ciki da ke kan insulin, shawarar likitoci kada ta yi azumi. Mai lufus da ya taɓa ƙoda ma ƙishirwa na yi mata illa, balle zafin Sakkwato. Kowacce ta zauna da likitanta tun cikin Sha'aban.

'Yar Arkilla:
Ni abin da nake so a duba daban ne. Ina da suga tun ina shekara 11, allura kullum. Bara magana ta yi nisa da wani, har an sa rana, sai yayarsa ta ce mai allura ba ta haihuwar ɗan kirki. Aka fasa. Yanzu kuma ga wannan. Ina amfanin yaɗa binciken da ba zai canja komi ba sai dai ya ƙara hana mu aure? Da ni ce mai zauren nan sai in hana kawo irinsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma mata ne ke fara tura shi.

Baban Amira:
Ƙanwata, abin da aka yi miki bai kyautu ba. Amma ɓoyewa ba za ta yiwu ba, waya na hannun kowa. In ba a kawo shi nan an warware ba, can za a karanta shi ba mai warwarewa, kamar yadda ya faru da Maman Walid.

'Yar Arkilla:
Malam, kai lissafi ka yi mata ta gane. Wa zai je ya yi wa kowace uwar miji lissafi? Su kalma biyu kawai za su riƙe, "ciwo" da "daji".

Ɗan Wurno:
Nan kam ina bayanta. Gwajin jini kafin aure ya yi amfani a kan sikila, amma na ga an fara wuce gona da iri, kowane ciwo sai a ce a fasa.

Mai Kemis Gawon Nama:
Bambancin a fili yake. AS da AS, kowane ciki akwai 1 cikin 4 na haihuwar mai sikila, kuma an san hanyar gadon sarai. Wannan kuwa ana maganar ɗan ƙari ne a kan abin da dama 2 ne cikin 1000, kuma ba a tabbatar da sababi ba. Duk wanda ya jera su wuri ɗaya bai fahimci ko ɗaya ba.

Sista Runjin Sambo:
'Yar Arkilla, na karɓi haihuwar masu insulin ba ɗaya ba ba biyu ba, yara tubarkalla. Sirrin shi ne a daidaita suga tun kafin a ɗauki ciki, a fara folik asid da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kawo miki wanda ya san darajarki.

Bari in koma kan Maman Walid, don akwai abubuwan da suka cancanci ki sa wa ido, kuma daji ba ya cikinsu. Kowane awo a duba hawan jini da fitsari, domin lufus na son ƙoda, kuma furotin a fitsari shi ne ke fara nunawa. Tunda kin yi ɓari biyu, ki tambayi likita ko an yi miki gwajin daskarewar jinin nan da ke tafiya tare da lufus. In akwai shi, ana haɗa asfirin da allurar hefarin mai hana jini daskarewa, mata da yawa da suka yi ta ɓari sun haihu lafiya da haka. Akwai kuma wani gwajin jini da ake kira anti-Ro. In uwa na da shi, jariri kamar 2 cikin 100 bugun zuciyarsa kan yi ƙasa, shi ya sa ake bin zuciyar ɗan tayi daga mako na 16 zuwa na 26, kuma ke yanzu kike shiga wannan zangon. Wasu jariran kan fito da ƙuraje a fuska, su baje da kansu cikin watanni. Ki guji rana, kin dai san garinmu daga Maris zuwa Mayu, in fita ta kama ki yi sammako ko ki bari sai la'asar. Ƙwayoyin ciwon jiki na kemis ban da su sai da izini. Haihuwa a asibiti. Bayan haihuwa ciwon kan so ya motsa, to ba lokacin barin magani ba ne. Kunun kanwa kuma ki yi magana da likita tun yanzu, gishirin da ke cikin kanwa ba abokin mai ƙoda da hawan jini ba ne, gara a san abin da za a gaya wa tsofaffi kafin ranar.

Inna ta Kanwuri:
Kunun kanwa kuma Sista? To mu da shi munka yi jego goma sha ɗaya.

Sista Runjin Sambo:
Allah ya ƙara lafiya Inna. Ke ƙodarki lafiya lau take, ita tata ana lallaɓawa ne.

Inna ta Kanwuri:
To na ji. Gero bai ƙare ba, a dama mata na tsamiya.

Likitan Yara:
Tunda maganar dajin yara ta taso, ina roƙon zaure ya ba ni minti biyu, don abin da ke kashe yaranmu ba ciwon iyayensu mata ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu ba su kai 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa 60 cikin 100 nan da 2030. Ciwon ɗaya ne, abin da ya raba mu shi ne isowa a makare, da tsadar magani, da yankewa a tsakiya.

Kuma namu ba lallai ya yi kama da na Denmak ba. Akwai dajin da ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, haƙora su yi ta girgiɗi, wanda wani likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. An gano yana da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro tare da wata ƙwayar cuta, don haka gidan sauro ma kariya ce. Yana saurin girma, amma yana cikin masu saurin jin magani in an zo da wuri. Akwai na ido: ƙwayar idon yaro ta riƙa haske fari kamar na mage da dare, ko a hoton waya. Akwai na ƙoda: uwa na wanka ta ji ƙullutu a gefen ciki, yaro ba ya ko kuka. Sai zazzaɓin da ya ƙi jin magani tare da ɗashewa, ciwon ƙashi, jini a dasashi, ko kaluluwar da ta ƙi sauka. Da ciwon kai da amai da sassafe.

Maganar da ta fi yi mana ɓarna ita ce "daji ba ya son allura". Saboda ita ake ajiye yaro wata shida ana shafe-shafe da tsaga, daga Isa ko Tambuwal ko Illela, sai ido ya fito waje a kawo shi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai sashen yara da na masu ciwon daji. Wanda ya ga ɗaya daga alamomin nan ya fara da asibiti mafi kusa, ya nemi a tura shi.

Ɗan Wurno:
Dakta, kuɗin fa? Wani ba camfi ya hana shi zuwa ba, kuɗin mota da na jinya ne. Na san wanda ya sayar da gona kuma bai kai ƙarshen maganin ba.

Likitan Yara:
Gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Abin da na gani da idona shi ne wanda ya zo da wuri maganinsa ya fi gajarta kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Ummu Hanifa:
A ƙara da jini. Hanifa ta sha ƙarin jini, kuma samun mai bayarwa ya fi komi wuya. Mazan zauren nan, ku riƙa bayarwa.

Baban Amira:
In sha Allahu. Na ɗauka.

Maman Walid:
Salamu alaikum, na dawo. Jiya da dare na ba maigida waya ya karanta tun daga sama har ƙasa. Yau shi ya kai ni da kansa. Likita ta yi mani faɗa ƙwarai, ta mayar da ni bisa magungunan duka. Hawan jini lafiya, amma an ga furotin kaɗan a fitsari, an ce in maimaita mako mai zuwa tare da gwajin ƙoda. Na nuna mata sunayen gwaje-gwajen da Sista ta rubuta, ta ce na daskarewar jini an taɓa yi, za a sake, ɗayan kuma ta rubuta mani. Na ji bugun zuciyar ɗan da kunnena.

Ummu Hanifa, tun jiya kina raina. Na sa ki cikin addu'a ke da Hanifa.

Saura surukata. Maigida ya ce shi ba ya iya ja da ita, kuma jibi za ta zo da wani jiƙo da ta sa anka haɗo daga ƙauye.

Mai Kemis Gawon Nama:
Jiƙon nan kada ki sha, ga furotin a fitsari. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya ki ajiye.

Inna ta Kanwuri:
Ba a aika yaro wurin tsohuwa. Ɗiyata, ki biɗo ni ta akwatin sirri ki hwaɗa mani unguwarsu. Jibi bayan la'asar ni ka zuwa in gaishe ta, mu yi ta tamu ta manya. Sista, ki rubuto mani sunan ƙwayar nan 'yar'uwar kulorokwin da manyan baƙaƙe, in riƙe a hannu.

Sista Runjin Sambo:
Na tura miki Inna. Maman Walid, ranar da za ki kai fitsarin ki zo da na farkon safiya, kuma ki taho da katin awonki.